Injin da Aka Koya wa Haska Mutane

Wani ne yake aiki a shagon buga fasta a Abakpa. Ba sabon shiga ba ne. Ya iya yanka leda, ya iya zuba tawada bai ɓata riga ba, ya kuma iya zama gaban kwamfuta ya haɗe rai har wanda ya shigo ya ɗauka jirgin sama yake tuƙawa. Aibinsa ɗaya ne. In ana koya masa abu, rabin farko yake ji, sauran ya ƙarasa da kansa.

Mai shagon, Alhaji Rilwanu, ya sayo sabon inji, irin dogon nan mai buga ledar talla da ake ɗaurawa a bango. Ranar da aka kafa shi ya kira gogan, ya miƙa masa makullin shago.

"Ga inji, ga makulli. Ka ɓata aiki ɗaya, zan yi haƙuri. Ka ɓata na biyu, zan yi haƙuri saboda mahaifiyarka. Na uku, ka ajiye min makullina ka kama gabanka."

"Haba Alhaji, ko rabi ba za a ɓata ba."

Ya rataye makullin a ƙugu, a wurin da kowa zai ji ƙararsa. Tun daga ranar masu shayin layin suka fara ce masa manaja, shi kuma ya fara amsawa.

Injiniyan da ya zo haɗa injin ya zaunar da shi gaban kwamfuta. Akwai wata makaranta da suke yi wa aiki, korenta na musamman ne, inji kuwa sai ya fitar da shi kamar ganyen da ya kwana a kasuwa. Injiniya ya buɗe wani sashe a manhajar injin.

"Ka ga nan? Wurin musanya launi ne. A hagu ka nuna masa launin da ba ka so. A dama ka nuna masa wanda kake so. Duk inda ya ci karo da na hagu, sai ya sa na dama."

"Duk inda ya gan shi?"

"Duk inda ya gan shi."

"Ba sai na sake gaya masa ba?"

"Ba sai ka sake ba."

Injiniya ya ci gaba. Ya ce wannan na tambari ne da rubutu kawai. Ya nuna wani ɗan akwati, ya ce wannan shi ke sa dokar musanyar ta hau kan hotunan mutane, kada a taɓa. Ya nuna wani ɗan maja, ya ce in aka ja shi inji zai kama launin da duk danginsa, shi ma kada a taɓa. A ƙarshe ya nuna yadda ake goge doka in an gama da ita. Gogan yana ta gyaɗa kai, amma ba ya wurin. Tun daga "duk inda ya gan shi" hankalinsa ya tafi.

Dalili kuwa, akwai wata wahala da ta daɗe tana cinsa. Duk wanda ya kawo hoto, sai ya tsaya a bayansa ya rage murya ya ce, "A ɗan haska ni." Ɗan takara, a haska shi. Wadda ta yi saukar karatu, a haska ta. Wanda ya yi ritaya bayan ya tsufa a ofis, a haska shi. Har wanda ya rasu ba a bari, 'ya'yansa za su kawo hoto su ce a ɗan haska Baba. Kuma babu wanda ya taɓa cewa shi baƙi ne yana so a mai da shi fari. Kowa kyamara ce ta cuce shi. Haka gogan zai zauna yana bin goshi da kunci ɗaya bayan ɗaya har wuyansa ya ƙage.

Injiniya na fita ya ce a ransa, ashe wahalar banza nake sha.

A lokacin akwai aikin wani Mansur, mai neman shugabancin masu Keke Napep na tasharsu. Mansur baƙi ne mai kyan baƙi, irin wanda in ya yi wanka har sheƙi yake. Gogan ya ɗebo launi daga kuncinsa ya sa a hagu. Ya nemo hoton wata 'yar fim ɗin Indiya, ya ɗebo daga goshinta ya sa a dama. Ya danna ɗan akwatin da aka ce kada a taɓa. Ya kama majan da aka ce kada a ja, ya ja shi har sai da ya ƙi tafiya. Ya ajiye.

Da Mansur ya zo karɓa, ya daɗe yana kallon fastar. Ya matso da ita, ya nisantar da ita.

"Ka gani ko? Asalin kalata ke nan. Zafin ranar tashar Kawo ne ya mai da ni haka."

"Ai da gani," in ji gogan.

"Wallahi kamar hotona na firamare."

Labari ya bazu cewa akwai shago a Abakpa da ba sai ka roƙa ba. Ka miƙa hoto, ka yi shiru da mutuncinka, ka dawo ka tarar an gane abin da kake nufi. Aiki ya yi ta shigowa. Alhaji ya fara ce masa "ɗana". Gogan bai gaya wa kowa sirrin ba. In an tambaye shi sai ya kaɗa makulli ya ce harka ce ta fasaha.

Ana cikin haka Hajiya Turai ta zo. Matar wani tsohon darakta ce a Unguwar Kanawa, kuma duk matar da ke da biki a ƙungiyarsu, inda Hajiya Turai ta nuna nan take kai aiki. Alhaji da kansa ya miƙe ya goge mata kujera. 'Yarta Umaima za ta aurar. Tana son leda babba, bango guda, da hoton amarya da ango, a ɗaura a bayan kujerarsu ranar kamu.

Ta miƙa wa gogan wayarta. "Ɗan nan, duba da kyau. Ka ga 'yata?"

"Na gani, Hajiya. Tubarkalla."

"Kada ka taɓa ta. Ba ta bukatar komai. Haskenta daga Allah ne, kuma wata guda ke nan tana hannun mai gyara."

"Angon fa, Hajiya? A ɗan..."

Ta leƙa hoton ta kalli Suhaib, angon, dogo baƙi mai fara'a.

"Bar shi yadda Allah Ya yi shi. Ai ta fi fitowa a gefensa."

Ta ce za a turo hoton ƙarshe idan biki ya matso, ta tafi.

Washegari Ila mai kilishi ya zo karɓar nasa aikin. Ila Basakkwace ne, tebur ɗinsa na bakin titi, ya kuma sa an ɗauke shi hoto yana riƙe da faffaɗan kilishi a hannu biyu. Aka warware leda a ƙasa. Ila ya zagaya ta. Ya tsuguna. Ya miƙe.

"Malam, wanga mi ne ne?"

"Kilishinka mana."

"Ni kilishi ni ka saidawa, ba awara ba."

Gaskiyar Ila. Kilishin ya fito fari fat. Tsiren da ke gefe kamar an soke dankali a tsinke. Yajin ma ya koma garin jarirai.

"Na zamani ne," in ji gogan. "Mutane yanzu tsabta suke dubawa."

"Tsabta? Wa za ya tsai da mota don ya sayi nama mai ciwon rashin jini?"

Sai idon Ila ya kai kan fuskarsa a hoton. Ya ɗan karkata kai, ya gyara hula.

"To, ji nan. Ni ka bar ni haka. Naman za ka maidawa."

"Ba ya yiwuwa. Tare kuke."

"Kamar yaya tare mu ke?"

"Kai da naman kala ɗaya ne a wurin inji."

Da ƙyar Alhaji ya raba su. Ya ɗauki aikin Ila ya kai wani shago aka buga. Da ya dawo ya tambayi abin da ya faru, gogan ya ce jar tawada ce ta yi sanyi. Alhaji bai san kwamfuta ba, amma ya san lissafi. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna masa.

Bayan kwana kaɗan sai ga Bara'atu, mai gyaran amare. Dilka, halawa, sabulun haɗi, duk ita ce. Ita ce ma take gyaran Umaima, kuma Hajiya Turai ta yarje mata ta ɗaura tallarta a wurin kamu, inda iyayen 'yan mata za su cika. Tallar mai sauƙi ce. Mace ɗaya, hoto biyu. A ƙarƙashin na farko an rubuta KAFIN, a ƙarƙashin na biyu BAYAN.

Aka warware. Mace biyu farare tas suna murmushi, kamar tagwaye.

Bara'atu ta cire tabarau. "Bawan Allah, ina kafin?"

"Ga shi, Anti."

"Ina bayan?"

"Ga shi nan gefensa."

"To me na yi mata ke nan?"

"Ai an rage miki aiki."

"An rage min aiki? Mace ta zo min fara, ta sha dilka wata guda, ta fita fara, sai wata ta gani ta ce bari ni ma in kawo 'yata? Ni za ka kashe wa sana'a a garin nan?"

"Anti, in kin lura, ta biyun ta fi sakin fuska."

Alhaji ya fito ya ba ta haƙuri, ya yi alkawari za a sake bugawa a kai mata har wurin kamu tare da na Hajiya. Da ta fita ya juyo ya ɗaga yatsu biyu.

"Saura na Hajiya Turai. Ka gane?"

"Na gane, Alhaji."

"Tawadar ta ɗumama?"

"Ana kan ɗumama ta."

Nan fa gogan ya zauna gaban kwamfuta, wannan karon haɗe ran na gaske ne. Ya buɗe wurin musanya launi. Ga dokarsa nan zaune, kuncin Mansur a hagu, goshin 'yar Indiya a dama. Ya danna ta, ba ta tafi ba. Ya danna sau biyu, ta ƙara girma. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya tarar tana jiransa. Ya ɗauko waya zai kira injiniya, sai ya tuna injiniya abokin Alhaji ne, kuma zai fara da tambayar wa ya taɓa akwatin. Ya mayar da waya aljihu.

Bai san yadda ake gogewa ba. Amma ya san yadda ake ƙarawa.

Ya ce a ransa, ai abin mai sauƙi ne. In ka zuba gishiri ya yi yawa, ruwa kake ƙarawa. Ya buɗe sabuwar doka a ƙarƙashin ta farko. Wannan karon ya sa goshin 'yar Indiya a hagu, kuncin Mansur a dama. Ya danna akwati, ya ja maja har ƙarshe. A lissafinsa, ta farko za ta haska, ta biyu ta duhunta, sai su haɗu a tsakiya kowa ya koma yadda uwarsa ta haife shi.

Inji kuwa ba ya sulhu. An ce masa in ya ga baƙi ya sa fari, ya ji. An ce masa in ya ga fari ya sa baƙi, wannan ma ya ji. Duka biyun zai yi, kowanne a wurinsa.

Gogan ya gwada tallar Bara'atu a 'yar ƙaramar takarda. Ta fito. Mace ɗaya baƙa, ɗaya fara. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! An samu bambanci!"

Bai tsaya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin kowacce ba. Ya tura tallar Bara'atu, ya tura bangon Hajiya Turai a bayanta. Ya tsaya ya ga furanni da sunayen amarya da ango sun fara fitowa lafiya lau, sai ya tafi cin shinkafa da wake. Injin yana bugawa yana naɗe ledar da kansa, hoto a ciki. Da ya dawo ya tarar da naɗi biyu tsaf. Ya ɗaure su da igiya ya jingine.

Ranar kamu da la'asar suka isa ɗakin taro a Kurmin Mashi, shi da Alhaji. Alhaji ya sha babbar riga, don shi ma yana son a san daga ina aikin ya fito. Mata sun fara cika, anko ko'ina, mai kiɗa yana gwada lasifika. Dangin amarya a dama, dangin ango a hagu, kowane ɓangare yana auna sarƙar ɗayan ta gefen ido. Bara'atu ta karɓi naɗinta ta rungume, ta ce sai an gama da na amarya.

Gogan ya hau tsani. Ya ɗaure kusurwar hagu, ya sauko, ya matsar da tsani, ya ɗaure ta dama. Ya waiga ya tabbatar ana kallonsa. Sannan ya kwance igiya ya saki.

Leda ta zubo har ƙasa.

Daga inda yake ba ya ganin hoton, mutane kawai yake gani. Ya ga wata ta tsaya da cokali a bakinta. Ya ga mai kiɗa ya rage sauti ba wanda ya sa shi. Ya ga Alhaji ya cire hula ya rufe fuska da ita. Sai ya ɗauka kyan ne ya yi yawa. Ya sauko yana murmushi, ya ja da baya, ya ɗaga kai.

Umaima ce, ba shakka. Hancinta ne, murmushinta ne, ɗan kunnenta ne. Amma baƙa wuluk, kalar Mansur ranar da ya yi wanka. A gefenta Suhaib, fari sol, kamar wanda aka raina a cikin firji.

Hajiya Turai ta tako a hankali har gaban ledar.

"Wace ce wannan?"

Ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Na ce wace ce wannan ta sa sarƙata?"

Daga ɓangaren hagu wata tsohuwa ta miƙe, Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifin ango. Ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiriri! Jinin gidanmu ya fito! Kakansa sak, wallahi! Ni dama na sha faɗa, yaron nan wahalar karatu ce ta dafe shi."

"Dije, ki zauna," in ji Hajiya Turai.

"Ina zaune, Hajiya. Amaryarmu ma ba laifi. Baƙi ai ba aibi ba ne, mun karɓa hannu biyu."

Wata daga cikin ƙawayen Hajiya ta sunkuyo, da muryar da ta isa kowa ya ji. "Ni dai na ce miki ki bi a hankali da masu haɗe-haɗen nan. Wa kika ce yana yi mata gyara?"

Kawuna suka juya kan Bara'atu.

"Ni? Wallahi ba aikina ba ne! Ku jira amarya ta fito ku gani! Hajiya, shekara nawa ina wannan sana'ar? Ga aikina nan a hannuna, kowa ya shaida!"

Ta fizge igiya, ta ɗaga tallarta sama da hannu biyu, ta juya ta ga jama'a.

A ƙarƙashin KAFIN, mace fara tas tana murmushi. A ƙarƙashin BAYAN, ita ce dai, baƙa ƙirin. A ƙasa ga lambar waya da manyan baƙaƙe.

Wata mata ta jawo 'yarta ta mayar bayanta.

"Me kuke kallo?" in ji Bara'atu. Ta leƙo ta saman ledar. Ta leƙa na hagu, ta leƙa na dama. Ta nemi kujera.

Gwaggo Dije ta riga ta iso wurin Alhaji. "Alhaji, in an tashi, wannan bangon ni zan tafi da shi. A yanke min ɓangaren yaron kawai. Kuma ina da hoton marigayi maigidana, gobe zan aiko."

Alhaji bai ji ta ba. Ya miƙa wa gogan tafin hannu.

"Alhaji, tawadar ce ta..."

"Makulli."

"Wai da na ce ta ɗumama, ashe ta zarce..."

"Makulli!"

Ya kwance shi daga ƙugu ya ajiye a hannun Alhaji. Ya naɗe igiyarsa, ya saɓa tsani a kafaɗa, sai ya tuna tsanin ma na shago ne, ya jingine. Ya nufi ƙofa ba ƙarar komai a jikinsa.

A bakin ƙofa Hajiya Turai ta sha gabansa.

"Tsaya, ɗan nan. Ba inda za ka sai ka gaya min. Na kawo maka yarinya da haskenta. Na ce kada ka taɓa. Ina ka kai hasken 'yata?"

Gogan ya waiga ya dubi ledar, ya dube ta.

"Hajiya, ai bai bar gida ba. Ga shi can a wurin mijinta. Ranar da aka kai ta ɗakinta, ta karɓi abinta."